Haɗin kemis da borin jini mai kisa: abin da ke faruwa idan jiki ya ƙi magani

Akwai magungunan da muka saba da su har mun daina yi musu kallon abin tsoro. Kafso ja da baƙi, ja da rawaya, Septrin, Ampiclox, Amoxil. A Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago, mutum zai wayi gari da ciwon maƙogwaro ko gudawa ko ƙurji, ya leƙa kemis, ya sayi ƙwaya huɗu ko shida gwargwadon abin da ke aljihunsa, ya kora da ruwan leda, ya kama hanyar kasuwa. Yawanci ba abin da ke biyo baya, shi ya sa ma aka saba. Amma a cikin masu yin haka akwai wanda jininsa ba zai karɓi maganin ba, kuma abin ba zai tsaya a ƙaiƙayi da 'yan ƙuraje ba. Wani numfashinsa ne zai toshe cikin 'yan mintoci. Wani kuwa sai bayan mako ɗaya ko biyu fatarsa za ta fara saɓulewa.

Likitoci na lissafa cewa a cikin mutum 10,000 da aka bai wa fenisilin, wato dangin su Ampiclox da Amoxil, tsakanin 1 zuwa 5 ne ke samun borin jini mai tsanani na nan take. Adadin ƙarami ne. Sai dai Legas gari ne mai mutum sama da miliyan 15, kuma kullum ana shan waɗannan magunguna ba adadi, da takardar likita da babu. Abin da ba kasafai yake faruwa ba, in aka yawaita jarraba shi, dole wata rana ya faɗa kan wani. A ranar da ya faɗa ɗin, bayan ikon Allah, abu biyu ne ke raba mai tsira da mai rasa rai: saurin gane abin da ke faruwa, da sanin sunan maganin da aka sha. A cikin biyun nan ba wanda muka riƙe da kyau, kuma wannan ne ya fi damuna.

Tsaya a bakin kemis na unguwa bayan sallar isha'i ka ga yadda ciniki ke tafiya. Mai dako ya dawo daga Mile 12, jiki duk ya mutu. "Malam, a haɗa mini na zazzaɓi da ciwon jiki, na dubu ɗaya." Yaron shago ya ɗauki almakashi, ya yanko biyu daga wannan kati, ya ɓallo uku daga wancan, ya buɗe wata farar roba ya ƙirgo wasu, ya raba su kashi uku a ƙananan ledoji, ya ƙulle. "Ɗaya yanzu, ɗaya da safe, ɗaya gobe da dare, Baba. Allah ya sawwaƙe." Kowace leda da ƙwaya biyar ko shida, farare da rawaya da kafso. Babu kwali, babu takarda, babu suna. Mai saye bai tambayi mene ne a ciki ba, mai sayarwa bai tambaye shi ko wani magani ya taɓa ƙin sa ba. A doka, mafi yawan magungunan kashe ƙwayoyin cuta sai da takardar likita ake bayar da su, kuma masu lasisin ƙaramin shagon magani ba su da hurumin sayar da su. Amma ba zan ɗora wa mai kemis laifin duka ba. Mutumin da abincin gidansa ya dogara da abin da ya samu a yinin nan, zuwa asibiti na nufin asarar yini guda, ga kuɗin kati, ga layi, ga wahalar bayyana ciwo da Turanci ko Yarbanci. A kemis kuwa da Hausa za a yi masa magana, har bashi za a ba shi. Wanda bai fahimci wannan ba, duk wa'azin da zai yi kan shan magani barkatai ba zai shiga kunne ba.

Da farko dai, ba duk abin da magani ya jawo ne borin jini ba. Tashin zuciya, ɗacin baki irin na Flagyl, gudawa bayan Augmentin, jiri, waɗannan illolin magani ne na yau da kullum, suna da wahala amma ba su ne abin da muke magana a kai ba. Borin jini aikin garkuwar jiki ne. Garkuwar jiki kuwa aikinta irin na maigadi ne: ta tsare ƙofa, ta gane ɓarawo. A jikin wasu mutane sai maigadin ya yi wa baƙon kirki kallon ɓarawo. Zuwan farko zai bar shi ya shige, amma ya riƙe kamanninsa. Ranar da ya dawo sai ya kwarma ihu ya tara unguwa, a cikin hargitsin a farfasa gidan da ake tsaro. A zahiri abin da ke faruwa shi ne, jiki na ƙera wasu sinadaran garkuwa da ake kira IgE waɗanda suka san maganin, su je su manne a wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin fata da huhu da hanji. Da maganin ya sake shigowa, ƙwayoyin halittar nan sai su amayar da wani sinadari mai suna histamin da dangoginsa gaba ɗaya a lokaci guda. Jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsiyaye daga cikinsu zuwa cikin nama, ƙarfin tafiyar jini ya faɗi, hanyoyin iska a huhu su tsuke, harshe da maƙogwaro su kumbura.

Saboda haka maganar nan da muke yawan yi, "ai na sha shan sa, bai taɓa yi mini komai ba," ba ta isa hujja ba. Sau da yawa shan da aka yi a baya shi ne ya shirya jiki ga na yau.

Wannan nau'i na gaggawa shi likitoci ke kira anafilaksis, sunan da wasu masana biyu na Faransa, Charles Richet da Paul Portier, suka ba shi a 1902. Yakan zo cikin mintoci idan allura ce, musamman ta jijiya, ko cikin awa ɗaya ko biyu idan ƙwaya ce. Mutum zai ji ƙaiƙayi a tafin hannu da tafin ƙafa ko a ka, jiki ya yi rauɗi-rauɗi, leɓe da fatar ido su kumbura. Murya ta dushe, yawu ya ƙi haɗiyuwa, ƙirji ya riƙa kuka kamar na mai asma. Wani amai zai yi da murɗar ciki. Wani zai ce, "Ni dai ji nake kamar zan mutu," kuma maganar nan ba raki ba ce, tana cikin alamomin da aka sani. Wani ko ƙurji ɗaya ba zai fito masa ba, sai dai a ga ya yi gumi ya sulale ƙasa. A cikin magungunan kashe ƙwayoyin cuta, fenisilin da danginsa ne kan gaba wajen jawo wannan, sai dangin seftriyazon, allurar nan da ake yawan yi wa masu taifot, wadda aka fi sani da Rocephin.

Maganinsa na farko guda ɗaya ne tak: allurar adirinalin a naman cinya, ta gefen waje. Ga babba, rabin miligiram, a maimaita bayan minti 5 idan bai farfaɗo ba. Ga yaro ana auna ta da shekaru ko nauyi. Ita ce ke matse jijiyoyin da suka buɗe, ta buɗe hanyar iska, ta sassauta kumburin maƙogwaro. Ba ta cikin magunguna masu tsada, kuma tana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a rasa su a wurin kula da lafiya. Abin da aka saba gani a wurare da dama kuwa shi ne a ɗauko Piriton da allurar hydrocortisone. Piriton na rage ƙaiƙayi, amma ba ya buɗe maƙogwaro, ba ya ɗaga jinin da ya faɗi. Hydrocortisone kuma sai bayan awanni take fara aiki, ga mutumin da mintoci suka rage masa. A Ingila ma, ƙa'idojin ceto na 2021 sun cire ta daga cikin matakan farko gaba ɗaya. Mu kuma a gida muna da namu: a ɗura wa mutum manja, ko madara, ko a watsa masa ruwa, ko a tayar da shi tsaye a ce ya daure ya taka. Ɗura wa mai kumburarren maƙogwaro abu a baki na iya shaƙe shi. Tayar da shi tsaye kuwa ya fi komai haɗari, domin ɗan jinin da ke komawa zuciya sai ya gangara ƙafafu, zuciya ta buga babu komai a cikinta. An sha rasa rai daidai lokacin da aka miƙar da mutum. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ne ya fi damunsa a bar shi ya zauna da ƙafafu a miƙe, in mai juna biyu ce a kwantar da ita ta gefen hagu. A ɗauke shi ɗauka zuwa mota, kada ya taka da kansa.

A nan ne Legas ke shigowa cikin lissafin. Mai fama da anafilaksis na iya rasuwa cikin ƙasa da rabin awa. Wanda ya san hanyar Mile 12 zuwa Ikeja, ta Ketu da Ojota, da ƙarfe shida na yamma, ya san rabin awa ba ta kai mutum ko'ina. Tun da aka hana acaba a wasu ƙananan hukumomi a 2022, hanyar kutsawa cikin cunkoso ma ta ragu. Akwai lambobin gaggawa na jihar, 767 da 112, kuma ya kamata kowa ya ajiye su a waya, amma motar asibiti ita ma titin nan za ta bi. Ma'anar haka ita ce, ceton ba a babban asibiti yake ba, yana wurin da aka yi allurar. Duk inda za a tsira wa mutum allurar kashe ƙwayoyin cuta, dole adirinalin ta kasance a ɗakin, tare da wanda ya san yadda ake amfani da ita. Don haka allurar da ake yi a bayan labulen shago, ko wadda "nas" ta unguwa ke zuwa yi har ɗaki da 'yar jakarta, ita ce ta fi tsorata ni a duk wannan lamari. Ba laifi ba ne, kuma ba rashin kunya ba ne, ka ce, "Ranki ya daɗe, idan allurar nan ta ƙi ni, kuna da adirinalin a nan?" In an ce babu, a nemi wani wuri. In an yi, a zauna rabin awa kafin a tafi. 'Yar allurar gwaji da ake yi a ƙarƙashin fatar hannu ma ba ta ba da tabbaci: mutum na iya tsallake gwajin, cikakkiyar allurar ta kayar da shi. Wanda ya farfaɗo kuma kada ya yi gaggawar komawa gida, domin wani lokaci abin na dawowa bayan awanni.

Nau'i na biyu ya fi yaudara, kuma a ganina shi ya fi cin mutanenmu. Wani maƙwabcinmu mai sayar da albasa ya sha haɗi saboda tari da zazzaɓi. Ya samu sauƙi, ya koma kasuwa. Bayan kamar mako guda zazzaɓi ya dawo, da ciwon maƙogwaro, idanu suka yi ja suna raɗaɗi. Kowa ya ce maleriya ce ba ta fita ba. Aka koma shagon, aka sake haɗo masa irin na da, aka ƙara da na maleriya. Da fitsari ya fara yi masa zafi, aka ce ai har da sanyi, aka ƙaro kafso. Ranar da na shiga duba shi, leɓɓansa sun fashe sun yi ɓawon jini baƙi, ya kasa buɗe baki ya sha ko kunu. Kwantsa ta manne masa idanu. A ƙirjinsa da bayansa akwai tabo-tabo masu duhu, wasu sun yi bororo. Ƙaninsa ya kama damtsensa don ya gyara masa kwanciya, sai fatar wurin ta zame a ƙarƙashin yatsunsa, jan nama ya bayyana. Wata dattijuwa ta ce ƙyanda ce ta manya, wani ya ce a nemi malami don wannan ba ciwon asibiti ba ne. A asibiti tambayar farko da likita ta yi ita ce, "Wane magani ya sha a makonnin nan?" Ƙanin ya ce, "Wallahi haɗi ne, likita." Sai da aka koma shagon aka lallashi mai shi kafin aka gano akwai Septrin a ciki. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma har yau ba ya iya tsayawa a rana ba tare da idanunsa na zubar da hawaye ba.

Wannan ita ce cutar Stevens-Johnson, da sunan likitocin yara biyu na Amurka da suka bayyana ta a 1922. Mafi munin nau'inta wani likitan fata na Birtaniya, Alan Lyell, ya siffanta shi a 1956. Cuta ɗaya ce, bambancin a faɗin fatar da ta saɓule ne. In ƙasa da kashi 10 cikin 100 na fatar jiki ne, ana kiranta Stevens-Johnson, kuma ana rasa har kusan mutum 1 cikin 10. In ya haura kashi 30, ana rasa kusan 1 cikin 3. A nan ba IgE ba ne ke aiki. Wasu ƙwayoyin garkuwa ne ke afka wa ƙwayoyin fata suna kashe su, har saman fata ya rabu da ƙasanta, haka ma laushin cikin baki da ido da al'aura. Wannan yaƙi ba ya tashi nan take. Yakan ɗauki kwana 4 zuwa 28 daga fara shan maganin, shi ya sa ba wanda ke tunanin ƙwayar da aka sha makon jiya. Alamomin farko kuma sak na maleriya ko mura. Ga wata matsalar da ta shafe mu kai tsaye: littattafan likitanci na siffanta ƙurajen da cewa ja ne, amma a baƙar fata ba ja ake gani ba, duhu-duhu ne, wani lokaci da ƙyar ido ke kama shi a ɗaki mai ƙarancin haske. Abin da za a riƙe shi ne haɗuwar zazzaɓi da fata mai zafi in an taɓa, da gyambon baki ko jan ido ko raɗaɗin fitsari, ga wanda ya fara wani magani a cikin wata guda da ya wuce. Duk wanda ya ga haka ya tsayar da maganin a take, ya tafi babban asibiti a ranar, ya tafi da kwali ko ragowar ƙwayoyin. An tabbatar cewa saurin daina maganin na rage mutuwa, kuma ba a daina abin da ba a san shi ba.

Septrin, wanda ainihin sunansa cotrimoxazole, na sahun gaba a masu jawo ta. Dangin fenisilin ma na jawowa, duk da ba kamar shi ba. Ba magungunan kashe ƙwayoyin cuta kaɗai ba: wasu magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin, da allopurinol, da piroxicam na ciwon gaɓɓai da ake yawan jefawa a haɗi, da nevirapine na masu cutar HIV, duk suna ciki. Masu HIV haɗarinsu ya ninka na sauran mutane nesa ba kusa ba, ga shi kuma su ne ake bai wa Septrin kullum don kare su daga cututtuka. Wannan ba dalilin gudun maganin ba ne, domin ya ceci rayuka da yawa. Dalili ne na sa ido sosai a makonnin farko.

Jinyar irin ta mai ƙunar wuta ce: ƙarin ruwa, ɗumama jiki, abinci ko ta roba, wankin ciwo cikin tsabta, da kariya daga ƙwayoyin cuta, domin su ne ke shiga jini ta inda fata ta buɗe su yi kisa. Ba aikin ƙaramin asibitin unguwa ba ne. Wuraren da ke da likitocin fata da na ido da sashen ƙuna ake nufa, irin asibitin koyarwa na LUTH da ke nan Idi-Araba, da LASUTH a Ikeja, da cibiyar kula da masu ƙuna da ke Gbagada. Ido kuwa kada a bar shi sai daga baya. Tun ranar farko ya kamata likitan ido ya shigo, don fatar ido na iya mannewa da ƙwayar idon, mutum ya warke a jiki ya makance. Kuma a sani ba ta yaɗuwa. A 2016, lokacin Farfesa Isaac Adewole na ministan lafiya, an yi ta maganar cutar a kafafen labarai, mutane da yawa suka ɗauka sabuwar annoba ce. Ba annoba ba ce. Matar mara lafiya da 'yan'uwansa na iya zama kusa da shi, abin da ake buƙata kawai su wanke hannu don kada su kai masa wata cutar.

Akwai wata ƙaramar alama da mutanenmu suka sani sarai amma ba su danganta ta da magani. Baƙin tabo zagayayye da ke fitowa a leɓe ko hannu ko al'aura, ya yi ƙaiƙayi, ya lafa, ya bar duhu, sannan duk lokacin da aka sake shan wata ƙwaya ya sake tashi a daidai wurin nan. Septrin da ja da rawaya na yawan yin haka. Yawanci ba ya kisa, amma jiki ne ke faɗa maka bai yarda da maganin ba, kuma da maimaici tabon na iya yawaita har ya yi bororo. Akwai kuma nau'in da ke zuwa bayan mako 2 zuwa 8, da zazzaɓi da kumburin fuska da kaluluwa, ya taɓa hanta ko ƙoda. Shi ma daina maganin da zuwa asibiti ne matakin farko.

Duk da haka akwai kuskure ta ɗaya ɓangaren, kuma kada gudun gara ya kai mu gidan zago. A ƙasashen da aka yi bincike, kusan mutum 1 cikin 10 na cewa fenisilin ba ya karɓarsa, amma in aka gwada su, sama da 9 cikin 10 na masu faɗin hakan sai a ga lafiya lau suke shan sa. Wasu gudawa ce suka yi aka kira ta borin jini. Wasu suna yara ne aka ba su Amoxil lokacin da wata cutar bairos ke jikinsu, ƙurajen cutar suka fito, aka ɗora wa maganin. Wasu da gaske ne, amma abin ya gushe: kusan kashi 80 cikin 100 na masu nau'in nan take na rabuwa da shi bayan shekara 10. Illar wannan tambari na ƙarya ita ce, likita zai kauce wa magani mai sauƙi mai inganci, ya koma ga mai tsada, mai yawan illa, wanda kuma ke ƙara koya wa ƙwayoyin cuta bijirewa magani. Wani babban bincike da aka fitar a 2022 ya nuna mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda wannan bijirewa, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi ko'ina yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Don haka wanda aka taɓa ce masa fenisilin ba ya karɓarsa, ya zauna da likita ya ba da labarin dalla-dalla: me ya faru, bayan awa nawa ko kwana nawa, shekara nawa ke nan, an kwantar da shi ko a'a. Daga labarin ne likita zai san ko za a iya gwadawa a asibiti da kayan ceto a kusa. Ba a gwadawa a gida. Wanda kuwa fatarsa ta taɓa saɓulewa ko bakinsa ya taɓa fashewa, babu gwaji a kansa ko a asibiti. Ya rabu da maganin nan har abada, domin karo na biyu ya fi zuwa da sauri, ya fi muni.

Rabuwa da magani kuma sai an san danginsa, domin abu ɗaya na zuwa da sunaye barkatai. Ampiclox, Amoxil, Augmentin, ja da baƙi, da allurar fenisilin, duk gida ɗaya ne. Wanda ɗaya ya ƙi, ya ɗauka duk sun ƙi shi har sai likita ya ce ba haka ba. Septrin kuma ɗan gidan salfa ne, kuma a gidan nan akwai Fansidar, maganin maleriya. Wannan ya shafi iyalanmu ƙwarai. Irin Fansidar ake bai wa masu juna biyu a wurin awo don kare su daga maleriya, kuma yana cikin maganin rigakafin da ake rabawa yara 'yan wata 3 zuwa 59 gida-gida a Arewa lokacin damina. Yaron da Septrin ya taɓa yi wa illa a Agege, in aka kai shi Kano ko Sakkwato wajen kakanni da damina, ba katin asibitin da zai bi shi. Kakarsa ba ta sani ba, masu rabon ba su sani ba, sai in uwar ta faɗa. Ga shi sinadarin salfa na Fansidar na daɗewa a jini, sai ya yi kusan mako guda kafin rabinsa ya fita, don haka ko an gane kuskure daga baya ba a iya janye shi. Haka mai juna biyun da take shan Septrin kullum, ba a haɗa mata da Fansidar.

Mu mutane ne masu kai da kawowa, yau Legas gobe gida, asibitin da ya san mu a nan bai san mu a can ba. Tarihin lafiyarmu a bakinmu da aljihunmu yake tafiya. Saboda haka wanda magani ya taɓa yi wa illa ya roƙi likita ya rubuta masa ainihin sunan maganin, ba sunan kamfani kaɗai ba, da abin da ya faru, a 'yar takarda da zai ajiye tare da katin shaidarsa. Ya ɗauki hotonta a waya, ya tura wa matarsa da ɗan'uwansa da abokin kwanansa a shago, domin ranar da za a buƙace ta wataƙila shi ba ya iya magana. A kemis kuma mu daina karɓar ƙwaya tsirara. A ba mu a cikin katinta, ko a rubuta sunan a jikin leda, ko mu ɗauki hoton kwalin. Masu kemis ɗinmu 'yan'uwanmu ne, tare muke sallah, in sarakunan Hausawa na unguwanni da limamai da shugabannin kasuwa suka zaunar da su a kan abu biyu kacal, rubuta suna da tambayar mai saye ko magani ya taɓa ƙin sa, na tabbata da yawa za su ji. Sannan a kai rahoto. NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, na da cibiyar tattara bayanan illolin magunguna tun 2004, da takardar rahoto mai launin rawaya da ake cikewa a asibitoci, kuma tun 2020 akwai manhajar waya mai suna Med Safety da kowa zai iya amfani da ita, ba sai ma'aikacin lafiya ba. In mai jinya ba ya iya cikewa, ya nemi likita ko mai haɗa magunguna na asibitin ya cike kafin a sallame su.